Hattara da mai haɗa batirin filashar kyamarar tarko, ya ƙona mini filasha biyu

Jama'a, kwana huɗu ke nan ina rubuta wannan ina gogewa, don kunya. Amma yau zan faɗa. Akwai wani mutum a intanet da ke tallar fakitin batir na haɗin gida, wai na filashar kyamarar tarko, irin wadda muke ɗanawa a daji ta ɗauki dabba da kanta in ta gitta da dare. Ungulu da kan zabo yake sayarwa. Fakiti huɗu na saya a wurinsa. Huɗu. Na biya duka, kuma filasha biyu suka mutu a kan haka, ɗaya ma ba tawa ba ce.

Kafin wani ya ce ai ni na yi sake, ku tsaya ku ji. Ni ba sabon shiga ba ne. Na san filashar Nikon SB-28 batura huɗu na AA take ci, wato bolt 6 in alkalin ne, 4.8 in masu caji ne. Na san dalilin da ya sa muke bin wannan tsohuwar filasha da aka daina ƙerawa: tana barci, tana riƙe caji a kafasita, wato ma'ajin wutar da ke cikinta, in kyamara ta tashe ta sai ta haska nan take. Matsalarmu guda ce, AA ba ya kai mutum inda yake so. Ka ɗana tarko ka tafi, ka dawo ka tarar hotunan ƙarshe duk baƙi ƙirin, kyamara ta yi aikinta, filasha ta mace. Shi ya sa ake neman batir na waje, a zura batirin bogi a ramin AA a ja waya zuwa babban batir. Wasu suna haɗa manyan batura huɗu na D, wasu batirin dalma na bolt 6. Ni nauyi ne ya ishe ni, na ce bari in gwada na litiyam.

To ga abin da ya kama ni. Na tambaye shi, baturan litiyam samfurin 18650 biyu a jere in sun cika ai bolt 8.4 ne, ya za ka yi? Ko minti biyar ba a yi ba ya turo bidiyo. Mitar auna wuta a hannunsa, ya dafa wayoyi, ta nuna bolt 6.0 cif. Ya ce, "Yallaɓai, ai ni ma ɗan harka ne, akwai na'urar rage wuta a ciki, da fiyus, da allon kariya." Ni ma ɗan harka ne. Wallahi maganar nan har yanzu tana yi mini amsa-kuwwa a kunne. Na kalli bidiyon nan ya fi sau ashirin tun da abin ya faru. 6.0. Sai yanzu na lura wayoyin da ya dafa sun bi ta bayan tebur, ba a ga inda suka shiga ba. Wa zai lura da wannan a lokacin? Ku gaya mini, wa?

Har ya ce kada in kuskure in sa wutar a ƙofar gaba ta filashar, wai ta babbar wuta ce, ba ta bolt 6 ba. Kuma gaskiya ya faɗa. Mutumin da ya san wannan, ta ina zan kawo cewa ɗan damfara ne?

Na tura rabin kuɗi. A'a, kafin nan ma sai da ya ce in ɗauki huɗu zai yi mini ragi, ni biyu na nema da farko. Biyu. Shi ya mai da su huɗu. Daga baya ya ce kaya sun haɗu, in cika, na cika. Da suka iso mitata ba ta hannuna, na ba wani aro, gobe kuma da asuba zan shiga daji. Nan ne kaɗai zan yarda na yi kuskure, nan kaɗai. Na jona fakiti na farko, filasha ta yi 'yar ƙarar nan tata ta caji, sai ƙauri. Shiru. Na ce ƙila tsufa ne, ai ta daɗe. Na ɗauko ta abokina, wadda ya ba ni amana, na jona da fakiti na biyu. Ni da hannuna. Ita ko ƙarar ba ta gama ba.

Da na karɓo mita na auna: 8.3. Ba 6.0 ba, 8.3. Na sa wuƙa na farke baƙin salatif ɗin da ya naɗe abin da shi. Babu na'urar rage wuta. Babu fiyus. Babu allon kariya. Batura shida ne kawai da gam da 'yan siraran wayoyi, alhali filasha in tana caji amfiya da yawa take ja a lokaci guda. Litiyam ba kariya, a cikin akwatin roba, cikin busasshiyar ciyawa. Da na bar wannan a daji waya ta haɗu, gobara zan tayar.

Sannan ga abin da ya fi ba ni kunya. A jikin kowane batir an rubuta 9900 mAh, wato yawan cajin da yake ɗauka. Babu 18650 mai 9900 a duniya, na ƙwarai ma ko rabin haka bai kai ba, kuma na san haka tun ba yau ba. Rubutun nan yana cikin hoton tallarsa, na koma na duba, ga shi nan ɓaro-ɓaro. Idona na kan 6.0. Na ɗora su a sikeli, kowanne giram 26, na gaske kuwa yana kai giram 45 zuwa sama. Na ɓare ledar ɗaya, ga tabon tsohuwar walda a kansa, an ciro shi daga wani wuri an sake masa riga. Batura 24 ke nan a fakiti huɗu, na gwada takwas, ba wanda ya kai 600 mAh.

Na manta ban faɗa ba, a daren farkon ma na yi masa magana, tun kafin in farke. Ya ce wai na juya waya ne. Ni. Ja a ja, baƙi a baƙi, shi ya haɗa filogin da hannunsa, ta fuska ɗaya kawai yake shiga. Da na tura masa hoton mita ya ce zai bincika da yaronsa. Da na tura hoton cikin fakitin sai ya toshe ni. Jiya wani ya nuna mini tallar ta dawo da sabon suna, bidiyo ɗaya, tebur ɗaya, 6.0 ɗin nan dai.

Komai yana hannuna: hirarmu, shaidar biya guda biyu, bidiyonsa, hoton sikeli, hoton mita. Zan ɗora su da zarar na rufe lambobin da ke jiki. Allah ya isa tsakanina da shi, fakiti huɗu da filasha biyu.

Ku auna da mita kafin ku jona komai. In kun ga 9900 ku wuce. A buɗe muku ciki ku ga fiyus da idonku.

Abokina bai sani ba tukuna. Ɗazu ya kira yana tambaya ko dage ya fito a hoto, na ce masa ina tuƙi zan kira shi.