Jakar da ke bayan ƙofata a Kobe

Salamu alaikum Yaya. Ya gida, ya yara, ya ƙarfin jikin Inna? Ran nan da muke waya kin hango jaka a bayan ƙofata, kika ce ko shirin gudu nake. To, shirin gudun ne.

Mutanen Kobe, wannan birni na ƙasar Japan, ba sa wasa da girgizar ƙasa. Ranar 17 ga Janairun 1995, tun gari bai waye ba, ta kashe mutum sama da 6,400 a nan da garuruwan kewaye. Shi ya sa kayan ko-ta-kwana suke a kanti kamar yadda magi da omo suke a wurinmu. A shagunan nan da kusan komai yen 100 ne za ki sami usur, da tocila, da wani bargo mai ƙyalli da ke shiga aljihu. Akwai shinkafa da aka dafa aka busar, tana shekara 5 ba ta lalace ba. Da ruwan zafi minti 15 ta nuna, da ruwan sanyi awa guda, har da mai tambarin halal. Daɗi kuwa kada ki tambaya, garau-garau ɗin da ya kwana ya fi ta. Ruwan sha an ce kowa ya ajiye lita 3 na kowace rana, aƙalla na kwana 3.

Abin da ya ba ni dariya da farko shi ne masai na leda: baƙar leda ce da ɗan ƙullin gari, in an gama a barbaɗa, ya daskare, a ƙulle. Wata tsohuwa maƙwabciyata ta ga ina dariya, ta ce in zauna. Ta kwana a makaranta a shekarar girgizar. Ta ce ruwan famfo ya ɗauke, bayi ya cika ya tumbatsa, sai tsofaffi suka daina shan ruwa don kada fitsari ya kama su, daga nan ciwo ya shiga. Ashe ba labarin tsohuwa ba ne kawai. A girgizar Kumamoto ta 2016 mutum 50 ne suka mutu nan take, amma waɗanda wahalar bayan girgizar ta kashe, kwanan mota da sanyi da yankewar magani, sun haura 200. Yanzu har gado na kwali suke haɗawa a sansani, don tsoho ya daina kwana a ƙasa cikin ƙura.

Watan da ya wuce aka yi atisaye a firamaren unguwarmu. Na je don a nuna mini yadda ake kashe wuta, sai na tarar da shugaban unguwa riƙe da takarda. Tun 2013 doka ta tilasta wa kowace ƙaramar hukuma ta rubuta sunayen waɗanda ba za su iya tserewa da kansu ba, tsofaffi da masu buƙata ta musamman, saboda a tsunamin 2011, wato ambaliyar teku da girgizar ƙasa ta tayar, kusan biyu cikin uku na mamatan 'yan shekara 60 ne zuwa sama. Ya dubi ƙirata, ya ce ko zan karɓi wani dattijo da ke hawa na huɗu a gininmu. Muka hau. Na durƙusa, dattijon ya hau bayana, ba nauyi kamar ƙullin auduga, yana ta ba ni haƙuri a kowace matakala. Jakar magungunansa tana rataye a ƙusa kusa da takalmansa, ya nuna mini ita har sau biyu. Shekarata uku a ginin nan, sai ranar na san da zamansa.

Wannan kuwa a gida ba za ta faru ba. Nan kaɗaici ya yi musu yawa. Bayan 1995 an raba gidajen wucin gadi ta hanyar ƙuri'a, aka tarwatsa maƙwabta, mutum sama da 200 suka mutu su kaɗai a ɗaki, wasu sai bayan kwanaki aka gane. Mu a Haɗeja ko yaro ya san gidan da makaho yake da gidan da mai jego take. Sai dai ki tuna abin da kika ba ni labari a ambaliyar 2022: da kayan agaji suka zo, shinkafa ce da tabarma, kuma mai ƙarfin turereniya shi ya samu. Ba wanda ya tambayi maganin hawan jinin Inna, ba audugar mata, masai ɗaya ga jama'a cike da makaranta.

Don Allah kafin ruwa ya yi ƙarfi, ki sa a sami mai unguwa da liman. A zauna a faɗi sunan wanda zai goyi Inna in ruwa ya shigo da dare, da wanda zai maye gurbinsa in ya tafi kasuwar Gujungu. A yi wa sauran tsofaffin layin haka. Na turo kuɗi a sayi maganinta na wata guda daban da wanda take sha, a ƙulle a leda biyu tare da katin asibitinta, a rataye a sama. Masan ledar zan aiko muku da fakiti biyu ta hannun mai zuwa Kano. Na san za ku yi dariya.

A gaida Inna da kyau, ki ce ina neman addu'a.