Salansa, filta da jet: abin da na gani bayan na taɓa V-Star 650 ɗina

Babur ɗina Yamaha V-Star 650 ne, tokumbo daga Amurka, irin mai gajeriyar kujera da ake hawa a miƙe ƙafa. Silinda biyu gare shi, cc 649, giya biyar, kafireto biyu na Mikuni, kuma iska ce ke sanyaya injin. Ƙarfinsa wajen doki 40 ne, nauyinsa ya haura kilo 230. Ba don tsere aka ƙera shi ba, na sani. Amma duk ranar da na kama hanyar Zariya na tarar da tirela a gabana, sai in ji ina son ɗan ƙarin numfashi kafin in wuce ta.

Masu babur a Amurka suna da gyara uku da suke kira mataki na farko: salansa mai sakin hayaƙi, filtar iska mai buɗewa, sannan a daidaita mai. Ni kuwa na yi wayo, na sayi salansa kaɗai, don ita ce ake gani, ita ce ake ji.

Sati biyun farko kaina ya kumbura. Ƙarar ta yi kauri, yara na bin bayana a layi, ni kuma na rantse babur ya ƙara gudu. Kunnena ne ya yaudare ni. Da na saki totur sai ya riƙa tas-tas kamar ana soya gurguru, a cunkoson Ƙofar Nasarawa kuma zafin silindar baya yana gasa mini cinya. Lokacin watan Afrilu ne, kowa ya san yadda Kano take.

Bakanikena ya kwance fulogi ya miƙo mini, bakin fulogin fari fat. Ya ce, "Yallaɓai, mashin ɗin nan yunwa yake ji. Ka buɗe masa hanyar iska, ka bar masa abincinsa na da." Jet, wato 'yar ƙofar da mai ke bi a cikin kafireto, wanda kamfani ke sawa lamba 90 ne, an auna shi da tsohuwar salansa. Da iska ta yi yawa mai ya yi kaɗan, sai wutar ta yi zafi fiye da kima, injin da ba shi da ruwan sanyaya kuwa bawul ɗinsa ne ke shan wahalar. Wani ɓangare na tas-tas ɗin kuma daga wata 'yar na'ura yake, wadda ke tura iska cikin bututun hayaƙi don ƙone ragowar mai. Tsohuwar salansa tana danne ƙarar, sabuwar ta tona asiri.

A nan aikin gaske ya fara. Muka sa filtar auduga wadda ake shafa wa mai, muka ƙara girman jet, muka huda 'yan murafan tagulla da ke rufe sukurorin silo (masu daidaita man da injin ke sha in ba a murɗa totur ba) a baburan Amurka, muka daidaita kafireto biyun su riƙa shaƙa tare. Sau uku ana kwancewa ana ɗaurawa. Karon farko mun zarce, fulogi ya fito baƙi ƙirin, babur na shaƙewa. Sai a na uku ya fito ruwan shayi da madara. Tunda an riga an sauke tanki, na ce, "Oga, a duba bawul ma." Ashe sun ɗaure. Ya mayar da tazararsu yadda littafi ya ce, 0.07 zuwa 0.12 na milimita a shiga, 0.12 zuwa 0.17 a fita. Ina zargin rabin daɗin da nake ji yanzu daga wannan aikin mai arha ya fito.

Gudun ƙarshe kusan yana nan inda yake. Abin da ya canja shi ne tsakiya: a giya ta huɗu, in na murɗa, yana amsawa nan take, wuce tirela tsakanin Kwanar Ɗangora da Tashar Yari ya daina zama abin addu'a. Mai kuwa yana sha fiye da da, lita 16 ɗin tankin ba ta kai ni inda ta saba. Masu babur mai sarƙa kan canja haƙora su sami ja a sauƙaƙe, nawa sanda ce ke juya tayar baya, don haka wannan ƙofar a rufe take.

Filtar audugar ce ban yafe wa ba. Da hunturu ya shigo, na buɗe na ga ƙura mai laushi kamar hoda ta tsallaka ɓangaren da ya kamata ya zama tsaf. Wanke ta da shafa mata mai ya zama aikin kowane sati biyu. Na mayar da ta takarda, muka rage jet ɗin kaɗan, ban kuma ji na rasa wani abin kirki ba.

Salansar na bar ta, amma na sa an mayar mata da abin rage ƙara a ciki. Duk da haka, in zan yi sammako, tura shi nake har bakin titi kafin in tayar, tun ranar da liman ya tare ni bayan sallar asuba ya tambaye ni ko janareto na saya.