Ranar da aka ƙi karɓar kuɗina a Osaka

Wata takwas ke nan ina koyon shamisen, molon mutanen Japan mai tsirkiya uku, amma har yau kunyar ranar farko ba ta sake ni ba.

Malamata dattijuwa ce, sa'ar Hajiyarmu, a ɗakinta take koyarwa. Da muka tashi darasi na zura hannu a aljihu, na zaro yen dubu goma duk ta yamutse, na miƙa mata kamar mai sallamar ɗan acaɓa. Ba ta karɓa ba, ba ta kuma ce uffan ba. Tashi ta yi ta ɗauko farar ambulan, ta ajiye a gabana da hannu biyu, ta kawar da kai. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ashe kuɗin wata na malami, wanda suke kira gessha, a ambulan ake sa shi, sababbin takardu in da hali, a miƙa da hannu biyu ana sunkuyawa.

A jirgin ƙasa ina komawa, gida kawai nake tunani. Mu ne masu liƙa wa makaɗi kuɗi a goshi, yaransa na tsinta a ƙasa, gobe ya zo neman aure mu ce a binciki asali, ai maroƙi ne. Ɗan Maraya Jos ya rasu a 2015. Yara nawa muka tura su gaji kuntiginsa? Kuma kada ku ɗauka su nan daga sama suka faɗo. Salon kiɗan shamisen na yankin Tsugaru a jihar Aomori da ake yayi yanzu, makafi ne suka fara shi suna bin ƙofa ƙofa suna bara. Yau gwamnatinsu na zaɓar gwanayen gargajiya, har da masu shamisen, ta kira su taskar ƙasa mai rai, ta riƙa ba kowanne yen miliyan 2 a shekara don ya horar da magada.

Sai dai fa akwai wahala. Zaman kaɗai jarrabawa ne: kamar na tahiya, amma ƙafa biyun duka a ƙarƙashinka, awa guda cur. In na miƙe sai na dafa bango. Wuyan abin sumul yake, ba alamar inda yatsa zai sauka, kunnenka ne jagora. Abin kaɗawar, bachi, faffaɗa ne kamar ƙarfen kankare fenti, kuma wata guda na yi ana gyara min riƙonsa kafin a bar ni in taɓa waƙa.

Sai maganar fata. Abin ya shigo musu ne a ƙarni na 16 daga tsibiran Okinawa, ta tashar ruwan Sakai da ke nan kusa da mu. Can fatar mesa suke rufa masa, nan suka koma ta kyanwa da ta kare. Da mai shago ya ce min kare, na ce a kai kasuwa, ba ni ta roba. Gara da na yi haka, don da daminar Yuni ta shigo fatar wani abokin karatuna ta tsage, ya yi mako uku yana jiran gyara, kuɗin kuma sai da ya girgiza shi. A gida da fatar akuya za a ɗaure maka garaya, ba ka ji a aljihu ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne wurin gwaji. Bangon ɗakina kamar kwali yake. Dare biyu kacal na kaɗa, na tsinci takarda a ƙofa, cikin ladabi, ba suna. Yanzu ɗakin karaoke, inda ake shiga a rera waƙa, nake kamawa, ina biya awa awa, ni kaɗai kamar maye. A unguwarmu da tabarma zan shimfiɗa a ƙofar gida, yara su kewaye ni, mai shayi ya ce ƙara ɗaya.

Gobe ɗaya ga wata. Na sayi ambulan, amma ban samu zuwa banki canjin sababbi ba, don haka ɗazu na shimfiɗa takardar a kan tawul na bi ta da dutsen guga.