Damina biyu da sa filashin a rufin gidanmu: abin da na gani

Gidanmu yana wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina. Lokacin rufi na dage sai an sa kwanon nan mai yashi, wanda masu sayarwa ke ce wa shingil: ƙarfe ne aka yi masa shafen hana tsatsa, aka manna ƙananan tsakuwa a bayansa. Kyau kam yana da shi, ga shi ba ya ƙara idan ana ruwa. Amma daminar farko ba ta ƙare ba sai ga tabo kamar an zubar da shayi a silin ɗin ɗakin mahaifiyata. Cikin Agusta kuwa, wani dare da aka yi ruwa da iska, sai da muka janye gadonta muka tara roba biyu.

Wanda ya yi rufin ya zo ya hau, ya yaɓa siminti inda kwano ya haɗu da bangon farafet, wato bangon da ya haura saman rufin. Bai yi wata ba ya tsage. Ya dawo da faci mai kwalta, shi ma rana ta dake shi ya ɗaɗɗago. Abin ya yi mini ciwo, domin tsohuwa ce ke kwana a ɗakin, ga ta da tari.

Wani maƙwabcina ne ya haɗa ni da wani dattijon kafinta. Bai fara da hawa sama ba, silin ya shiga da tocila ya bi sawun ruwan a jikin katako. Da ya sauko ya ce, "Malam, kwanonka lafiyarsa lau. Bangon gabas ne ba a sa masa filashin ba." Filashin shi ne fallen ƙarfen da ake rufe mahaɗar kwano da bango da shi don kada ruwa ya shige. Ya tuna mini cewa hadarinmu daga gabas yake tasowa, iska na watsa ruwa a bango, ruwan ya gangaro ya sami tsaga ya shige. Na ce, "Baba, to simintin fa?" Ya ce ƙarfe yana miƙewa da zafin rana, ya koma da sanyin dare, siminti kuwa ba ya iya bin wannan motsin. A garin da zafin Afirilu ke kai digiri 40, dole su rabu.

Yadda ya yi aikin shi ne ya sa nake wannan rubutu. Ya kankare tsohon simintin tas. Ya lanƙwasa fallen ƙarfe kamar kusurwar littafi, gefe ɗaya ya kwanta a kan kwanon, ɗayan ya haura bango wajen santimita 15. Kowane falle na sama yana hawa kan na ƙasansa da tazarar tafin hannu, yadda ruwa zai riƙa sauka daga wannan zuwa wancan ba tare da ya sami baki ba. Sannan ya sa injin yanka ya ja tsaga a jikin bangon, ya cusa bakin wani falle na biyu a ciki, ya toshe, fallen ya sauko ya rufe kan na farko kamar hula. Bai haɗa su biyun da ƙusa ba, ya ce a bar kowanne ya yi motsinsa. A kwarin da rufi biyu suka haɗu kuma ya tarar an huda magudanar da ƙusa a tsakiyarta, ya cire ta ya sa sabuwa mai faɗi, ya kama ta daga gefe. Kafin ya karɓi cikon kuɗinsa ya sa yaronsa ya hau da tiyo, suka yi ta kwara ruwa a bangon ni kuma ina cikin ɗaki ina kallon silin.

Akwai abin da ban ji daɗinsa ba. Ya ce mini kwana ɗaya, aikin ya ci uku. Ƙurar yankan bango ta cika tsakar gida, bai gargaɗe mu mu kwashe shanya ba. Launin fallen ma bai dace da na kwanon sosai ba, daga titi ana ganin bambancin. Kuma kuɗin ba kaɗan ba ne, ko da yake bai kai abin da na kashe wajen sake silin da fenti ba.

Yanzu damina biyu ke nan, ɗigo ɗaya bai sauka a ɗakin Hajiya ba, har da ruwan da ya cika mana lungu bara. Idan za ka yi irin wannan rufi, tun wajen ciniki ka tambayi kafinta ko filashin na cikin lissafi, kuma zai cusa shi cikin bango ne ko liƙawa kawai zai yi. Abin da Baba ya bar mini shi ne sharar ganyen bedi daga magudanar kowane watan Mayu, kafin ruwan fari. Bangon kicin da ke arewa bai fara yoyo ba tukuna, amma na riga na gaya masa ya zo da rani ya sa masa.