Mai waldar da ya gyara mana tukunyar yogot a Sabon Gari

Jama'a duk mai aikin haɗa sitenles da baƙin ƙarfe a Zariya ya saurara. Yayata ce ke yin yogot a Tudun Wada, tana da wata babbar tukunyar sitenles da muka sa aka yi wa ƙafafu na baƙin ƙarfe, mai waldar farko ya ɗauko ilektirod ɗin da ake gyat da shi, 6013 ɗin nan, ya narka mata, ya goge da giranda ya yi kyau kamar me. Sati uku ba a yi ba ƙafa ɗaya ta ɓalle, saura ƙiris madara mai zafi ta sheƙo wa yarinyarta.

Wani ɗalibin ABU ne ya tura ni wajen wani dattijo mai walda a wajen Muciya, cikin Sabon Gari. Shagon ba abin kallo ba ne gaskiya, rumfar kwano ce da benci ɗaya. Baba na duba wurin ya ce "ɗana kalli nan, bai lanƙwashe ba, tsinkewa ya yi kamar tangaran." Wai idan sitenles ya narke ya cakuɗu da ilektirod na baƙin ƙarfe, haɗin yakan yi tauri amma ba ya da juriya, ga shi kuma sitenles ya fi baƙin ƙarfe buɗewa in ya ji wuta, to kullum a ɗora a sauke ana ta ja-in-ja a wurin har tsaga ta fito. Ya kankare tsohuwar waldar tas, ya sa ilektirod mai lamba 309, wanda ake haɗa sitenles da baƙin ƙarfe da shi, yana yi kaɗan kaɗan yana barin ta huce, kuma ya hana yaronsa zuba ruwa. Wata biyar kenan ko gezau.

Abin da ya ƙara burge ni, na kawo masa marfin alminiyom in ce a manna masa hannun ƙarfe ya ce sam ba zai ci kuɗina a banza ba, alminiyom tun wajen digiri 660 ya narke, ƙarfe kuwa sai kusan 1500, ko sun kama ma ɓallewa za su yi. Huda ya yi ya ɗaure da bol da noti.

Sai dai fa akwai tsada, ya kusa ninka na farko, kuma Baba ba ya sauri ko kaɗan, in an ɗauke wuta sai ka sayi man janareta da kanka. Kwana biyu na yi ina zarya daga Tudun Wada a Keke. Ku je da safe kafin masu gyat su cika wurin.