Hattara da masu sayar da ƙaramin jirgin sama suna cewa "yana kan hanya"

Jama'a, assalamu alaikum. Na yi kwanaki ina juya wannan magana a raina kafin in rubuta ta, domin abin a gidanmu ya faru, kuma wanda ya faru da shi dattijo ne mai gudun a ji sunansa a bakin duniya. Da izininsa nake rubutu, bisa sharaɗin ba zan ambaci sunansa ba. Ƙanin mahaifiyata ne, ɗan kasuwa da ya yi shekaru yana shigo da kaya daga waje, ba mutumin da ake yi wa wayo a ciniki ba ne. Duk da haka 'yan damfara sun raba shi da dukiya mai yawa a kan jirgin saman da ko sau ɗaya bai bar garin da yake ba. Ni kuwa sana'ata gyaran jiragen sama ce, shi ya sa abin ya fi ci mini rai: tambayar minti goma da an yi mini ita tun farko, da ba a kai ga haka ba.

Ɗansa ne ya gama koyon tuƙin jirgi, yana buƙatar ya tara sa'o'in tashi kafin wani kamfani ya dube shi. Sai Kawu ya yi shawarar ya sayi ɗan ƙaramin jirgi mai inji ɗaya, Cessna 172, mai kujera huɗu, yaron ya riƙa tashi da shi, daga baya a bayar da shi haya ga makarantar koyon tuƙi. Shawara ce mai kyau. Suka ga talla a intanet, hotuna tsaf, har da lambar rajista a jikin jirgin mai farawa da N, alamar rajistar Amurka. Kuɗin ya yi ƙasa da abin da irinsa ke yi a kasuwa sosai. Mai sayarwar ya ce na mahaifinsa ne da ya rasu, magada suna so a raba gado da wuri. Ya turo hotunan littattafan tarihin gyaran jirgin, ya turo takardar ciniki. Sannan ya zo da maganar da ta zama tarkon: kada Alhaji ya damu da batun kawowa, akwai kamfanin da suke hulɗa da shi wanda zai tuƙo jirgin har Kano, a haɗa komai a farashi ɗaya.

A nan nake so mai karatu ya tsaya ya fahimci wani abu, domin ƙarfin wannan damfara duk a kan gaskiya aka gina shi. Tuƙo ƙaramin jirgi daga Amurka zuwa hannun mai shi a wata nahiya sana'a ce ta gaske, akwai matuƙan da ita suke ci. Irin wannan jirgi ba zai iya ƙetare Tekun Atalantika a tashi ɗaya ba, sai dai a bi da shi ta arewa ana yada zango. Hanyar da aka daɗe ana bi ita ce daga Bangor a jihar Maine zuwa Goose Bay a Kanada, daga nan a ƙetara zuwa Narsarsuaq a kudancin Girinlan, sai Reykjavik a Aisilan, sai Wick a arewacin Sikotilan. Filayen Goose Bay da Narsarsuaq a 1941 aka gina su, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, don kai jiragen yaƙi Turai. Tsakanin Goose Bay da Narsarsuaq akwai kusan kilomita 1,250, yawancinsa a kan ruwan da in mutum ya faɗa ciki ba tare da rigar kariya ba, sanyi zai kashe shi kafin taimako ya iso. Man da ke cikin fukafukan Cessna 172 ba zai kai shi wannan nisa da ragowar da hankali zai kwanta ba, don haka ake cire kujerun baya a dasa ƙarin tanki a cikin jirgin, kuma sai hukumar jiragen saman Amurka, FAA, ta ba da izini na musamman idan nauyin ya zarce ƙa'ida. Ana ɗaukar kwale-kwalen roba na ceto, da rediyo mai dogon zango, matuƙin kuma ya sa rigar tun daga ƙasa. Bayan Turai ga sauran tafiya: a gangaro ta Faransa da Sifen, a shigo Afirka, kowace ƙasa da izininta na ratsa sararin samaniya da na sauka. Ga matsalar mai, domin jirgi mai injin fistan ba kananzir ɗin manyan jirage yake sha ba, fetur ne na musamman mai launin shuɗi, wanda a filaye da yawa na yankinmu babu shi sai an yi oda an ajiye a duro tun kafin jirgi ya iso.

To duk wannan da na lissafa, kowane zango da kowace takarda, shi ne abin da ɓarayin suka mayar ƙofar karɓar kuɗi.

Da farko kafin alƙalami. Suka ce kada a tura musu kai tsaye, a tura wa kamfanin riƙon amana da zai ajiye kuɗin har kaya ya isa hannun mai saye. Wannan ma tsari ne na gaskiya a cinikin jirage, kuma shi ya ƙara kwantar wa Kawu da hankali. Abin da bai sani ba, shafin intanet na kamfanin su suka ƙirƙira shi, lambar wayar da ke kai su ke ɗauka. Bayan mako biyu aka biya cikon kuɗin jirgi. Sai kuɗin dasa tanki. Sai inshorar ƙetare teku, wai kamfanin inshora ya ƙara kuɗi da ya ji Afirka za a. Daga nan aka turo hoton wani Bature tsaye kusa da jirgi, aka ce ga matuƙinku, ya taso. Aka ba su wani adireshin intanet da ke nuna ɗan hoton jirgi yana tafiya a kan taswira. Yaron nan kullum da asuba shi yake fara dubawa.

Jirgi ya "isa" Goose Bay ya tsaya. Yanayi ba kyau, ƙanƙara tana kama fukafukai, dole a jira, kuma dole a sa shi a rumfar jirage mai ɗumi, ga kuɗin rumfa, ga kuɗin otal na matuƙi. Duk wanda ya san hanyar ya san ana yin kwanaki ana jiran yanayi a can, ba ƙarya ba ce a karan kanta. Aka biya. Ya "isa" Girinlan, aka ce man can da tsada, wanda shi ma gaskiya ne, kuma wai wani ƙarfe a injin ya lalace sai an kawo daga Denmak. Aka biya. Daga Aisilan sai batun izinin ratsa ƙasashen Afirka ta Arewa. Kowane biya ƙarami ne idan aka gwada shi da abin da aka riga aka zuba, kuma kowane saƙo yana ƙarewa da cewa in ba a biya cikin kwana biyu ba hukumar filin za ta riƙe jirgin. Mutumin da ya riga ya narka kuɗin jirgi sukutum, wa zai ce masa ya bar shi ya salwanta a kan kuɗin rumfa? Asusun da ake turawa kuwa yana ta canzawa, yau sunan kamfani, gobe sunan mutum a wata ƙasa daban, daga ƙarshe suka ce a tura ta kuɗin kirifto don ya fi sauri.

Wata uku ana haka kafin a neme ni, shi ma ba don zargi ba. Kawu ya kira ni ya ce, "Ɗana, jirgin nan ya kusa, ina so ka samo mana wurin ajiya, kuma kai za ka riƙa duba shi." Na ce, "Masha Allah, Kawu. Ku turo mini lambarsa da takardun izinin shigo da shi." Ya yi shiru. Ya ce ai su can suka ce za su yi komai. Tun daga nan gabana ya faɗi, domin ba a shigo da jirgi Najeriya sai da izinin hukuma tun kafin ya taso, kuma mai jirgin ne ke nema a nan gida, hukumar kula da jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta duba shi kafin a yi masa rajista mai farawa da 5N. A Nijar 5U ce, kuma can ma da hukumarsu. Wani da ke zaune a ƙetaren teku ba zai yi maka wannan ta WhatsApp ba.

Na ɗauki lambar na sa a shafin rajista na FAA, wanda kyauta ne kowa zai iya dubawa. Jirgin yana nan, samfurinsa daidai, amma sunan mai shi ba shi da alaƙa da wanda ya sayar wa Kawu, kuma babu alamar an cire shi daga rajista don fitarwa waje. Na sa lambar a FlightAware da Flightradar24, shafukan da ke nuna inda jirage suke tashi da sauka. A ranakun da aka ce yana maƙale cikin ƙanƙarar Girinlan, jirgin yana ta zagaye a kan wani ƙaramin fili a Amurka, tashi da sauka, irin na ɗalibai. Hotunan daga wata tsohuwar talla ta gaskiya aka kwashe su. Mai jirgin na ainihi bai ma san an sayar da jirginsa a Kano ba. Ban taɓa jin nauyin isar da magana kamar ranar da na je na zauna gaban Kawu na nuna masa wannan a waya ba. Bai ce komai ba sai innalillahi, ya daɗe yana kallon allon. Yaron kuwa tashi ya yi ya fita.

Duk wanda yake da niyyar irin wannan saye, ko ɗan kasuwa ne, ko makaranta, ko mai gona da ke son jirgin feshi, don Allah kada ya sayi kifi a ruwa. Jirgi ba a biyan kuɗinsa sai wani naka, injiniyan da kai ka ɗauka kai kake biya, ya je ya taɓa shi da hannu, ya gwada lambar da ke kan farantin ƙarfen jikinsa da wadda ke takarda, ya buɗe littattafan gyara na asali ba hotonsu ba. Mai sayarwar da ya ce jirgi yana wani wuri da ba a shiga, ko ya ƙi kiran bidiyo yana tsaye kusa da shi, an gama magana. Rajistar jiragen Amurka a birnin Oklahoma take, kuma a can ne sanannun kamfanonin riƙon amana da binciken mallaka suke, su ne za su gaya maka ko akwai bashin banki a kan jirgin. Kai za ka zaɓi kamfanin, kai za ka nemo lambarsa da kanka ka kira, ba ta hanyar da mai sayarwa ya turo maka ba. Kuma idan ana dab da biya aka turo imel cewa lambar asusu ta canza, a dakata a buga waya, domin ko a cinikin gaskiya ɓarayi kan kutsa cikin imel su sauya asusu.

Akwai wata alama da na gani a takardunsu wadda da an nuna wa masani da ya gane nan take. Sun yi wa Kawu alkawarin jirgin zai ci gaba da zama da lambar N da sunansa shi kansa. Dokar Amurka ba ta yarda wanda ba ɗan ƙasa ba, ba kuma mazaunin dindindin ba, ya yi rajistar jirgi da sunansa haka kai tsaye. Masu yin haka ta hannun amintaccen wakili na shari'a suke bi. Haka kuma babu takardar FAA ta shaidar lafiyar jirgi don fitarwa waje, wadda hukumar ƙasar da za a kai shi za ta nema.

Batun kawowa kuwa a raba shi da batun saye. Kada mai sayarwa ya zaɓar maka matuƙi. Ko jirgin na gaskiya ne, akwai masu kiran kansu matuƙan ƙetare teku su karɓi kuɗi gaba ɗaya su ɓace, ko su ajiye jirgin mutum a wani fili a hanya kuɗin ajiya yana ta hawa. Lasisin matuƙin Amurka ana iya duba shi a shafin FAA. A tambaye shi sau nawa ya ƙetare, a yi magana da waɗanda ya kai wa jirgi, kuma a ji daga bakin kamfanin inshora cewa sun amince da shi da sunansa, domin su ba sa yarda da wanda bai saba hanyar ba. Ƙwararren matuƙi tun kafin tashi zai rubuto maka zangunan da kiyasin mai da kuɗin izini, kuma in ya tsaya a wani fili kana iya kiran ofishin filin ka tambaya ko jirgi mai lamba kaza yana wurinsu. Kiran waya ɗaya zuwa Goose Bay da ya tona asirin waɗannan mutane tun a watan farko. Sau da yawa ma jirgi ƙarami irin wannan ba a tuƙo shi, cire fukafukan ake yi a sa shi a kwantena ya biyo jirgin ruwa, a haɗa shi a nan.

Mun kai ƙara wajen hukumar EFCC da bankin da aka yi turawar ta cikinsa, da duk rasit da saƙonni. Kwana kaɗan bayan mun daina biya, wani ya kira Kawu ya ce shi lauya ne mai ƙwato wa waɗanda aka damfara kuɗinsu, a ba shi kuɗin buɗe fayil. Lambar wayar da aka kira shi da ita kuwa bai taɓa ba kowa ita ba sai 'yan damfarar. Jiya da dare na sake shiga shafin da suka ga tallar. Sunan mai sayarwa ya canza, jirgin ya koma Piper, wani samfurin ƙaramin jirgi daban, amma labarin mahaifin da ya rasu da magadan da ke gaggawa yana nan kalma da kalma, har da alkawarin kawowa ko'ina a Afirka.