Daga Tokyo: Nikon ko Canon, ga mai neman kyamarar fim

'Yan uwa masu sana'ar hoto a gida, ina gaisuwa. Kyamarar fim ɗin nan da muka jingine, a Japan kasuwarta na ci. A Shinjuku da Nakano akwai shagunan na hannu, kowace kyamara da takardar da ke bayyana lafiyarta. Wadda aka jefa a kwandon masu matsala kuwa, in ka saya babu mayarwa.

Musun 'yan Nikon da 'yan Canon ba ya ƙarewa, kuma tushensa bakin da ake ɗaura gilashi ne. Nikon ta fito da bakin F a 1959, ta riƙe shi har zamanin dijital, don haka wanda ya tara gilasai huɗu ko biyar ba shi da dalilin ƙaura. Canon kuwa a 1987 ta bar bakin FD ta koma EF, tsofaffin gilasai suka daina hawa sababbin kyamarori. Har yau akwai dattawan da ba su huce ba, kuma ban ga laifinsu ba, kuɗin guminsu ne. Sai dai a kula, gilashin Nikon na kafin 1977 da ba a gyara bakinsa ba, kada a tilasta shi kan kyamarar Nikon FM2, yana lalata ɗan harshen da ke sanar da ma'aunin haske.

Don aikin gida ni FM2 ta 1982 zan zaɓa. Shatarta, wato labulen da ke buɗewa haske ya shiga fim, ta inji ce zalla, saurinta na kaiwa 1/4000 na daƙiƙa ko babu batir. LR44 biyu da take ci na ma'aunin haske ne kawai, kuma masu gyaran agogo na sayar da su. Canon AE-1 ta 1976 ta fi araha, hotonta ma ba baya ba, amma in batirinta 4LR44 ya mutu ana tsakiyar biki, aiki ya tsaya cak. In ta yi ƙara kamar tari lokacin dannawa, man injin madubi ne ya bushe. 'Yan kamfanin Pentax kuma na tsaye kan kyamarar K1000 don sauƙinta ga ɗan koyo.

Kowacce za a aiko muku, a buɗe murfin baya a taɓa soson gefe. In ya narke yana manne wa yatsa, haske zai shiga ya bar jan layi a hoto, sai an sauya shi. A kuma haska gilashin da tocila, domin damshin Japan na sa fumfuna, tana fitowa kamar saƙar gizo-gizo, wadda ta daɗe kuwa ko an goge tabonta na nan.